Jar Tutar Sabo

Duk Madabo an san cewa gidan su Baba Abdulbaqi ne ya ci yaƙin basasa, sauran ƙasar ta ɗan taimaka. Shi dai Baba bai taɓa riƙe bindiga ba. Leburan layin dogo ne, shebur ya riƙe.

Da yaƙi ya yi zafi aka kwashe shi da ƙanensa Sabo zuwa kudu, inda jiragen sama ke jefa wa layi bam. A fasa da safe, su gyara kafin la'asar. Dokar aikinsu ita ce in layi ya karye, mutum ɗaya ya ɗauki jar tuta ya bi kan layin a guje, ya tsayar da jirgin ƙasa mai zuwa. Saboda zaizayar damina aka kafa dokar, kuma ba wanda ya tuna ya gyara ta.

Wata Laraba bam ya tsinke layi, ana sauraron jirgin sojoji daga Kano. Kowa ya faɗa daji. Sabo ya bi doka. Matuƙin jirgin saman bai riga ya tafi ba, ga kuma jan abu yana gudu a fili. Abdulbaqi ne ya tattara abin da ya samu na gawar ƙanensa, ya yi masa sallah, ya binne a gefen layi.

Yanzu ya haura tamanin, idonsa ya tafi. Yana zama a zaure, duk wanda ya gaishe shi sai ya ji labarin.

"Jirgi guda cike da 'ya'yan mutane! Kai malamin makaranta, kai wa ka taɓa ceta?"

"Ba kowa, Baba."

"To ka gani."

Da wannan yake iya barci.

Bara na je duba Hajo, tsohuwar da ke bayan gidansu, wadda marigayi mijinta ke zuba wa injin jirgi kwal. Na kawo zancen. Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Kada ka kai masa, Malam. Ni ma ban kai ba."

Kwal daga kudu yake zuwa, yaƙi kuwa ya tare hanya. Ta ce ran Larabar nan mijinta, wanda shi ke aiki a jirgin sojojin, a gida ya yini yana gyaran indararo. Jirgin bai tashi daga Kano ba sai bayan sati.