Malam Datti, Mai Tambayar Wa Ya Fara

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, 9 ga Yuli, 1957, bayan la'asar, Malam Datti marubucin wasiƙa ya rasu a gidansa na Kurmin Mashi.

Malam, shekara shida na yi a gefen teburinka a bakin kasuwa. Ba ka taɓa yi mini faɗa a kan munin rubutu ba, faɗanmu kullum a kan "sai" ne. Kakan ce, "Tijjani, wannan 'sai' taka ta fi tsakuwar shinkafa yawa. Wa ya fara? Me ya biyo baya?" Kai ka nuna mini inda ake sa "tukuna", da inda "sannan" ke zama, da yadda "bayan" kan juya magana ta koma kan mai ita. Na ga ranar da ka sa wata tsohuwa, Hasana, ta maimaita kokenta sau uku, ka sayo mata fura, don kawai ka tabbatar ko kafin rabon gado aka sayar da gonarta ko bayansa. Gonar ta dawo hannunta.

Yau ina rubutu zuciyata ba daɗi. Kana kwance ba lafiya Garba lebura ya zo in rubuta masa takardar ƙara: helumansu, wato shugaban leburori, ya mare shi, sannan shi ya ɗaga shebur. Ka aiko in kawo takardar ka duba. Na ga ai na ƙware, ban kawo ba. Da na dawo daga jana'izarka na buɗe kwafin, na ga abin da hannuna ya rubuta: "Bayan na ɗaga shebur ya mare ni." Garba bai iya karatu ba, ya dangwala yatsa, har da yi mini godiya. Yanzu yana tsare, Alhamis za a yi shari'a, kuma 'ya'yansa huɗu.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Talatu, matar Malam, da yara, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku.

Ni kuma Alhamis zan tsaya gaban alƙali in ce ni na juya maganar. Wataƙila daga ranar ba mai sake kawo mini wasiƙa. Ku sa Garba a addu'a.