Sarƙar Furen Kaka Sornam

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, kika rasu, Kaka Sornam, saura mako biyu a yi bikin auren allahnmu Shiba da Uwar Duniya a haikalin garinmu. Amma a wurina, sun binne ki tun shekara uku da suka wuce, ina amaryar jikanki Kathiresan.

Bikin farko ne bayan rasuwar mijinki. Kika ɗauko sarƙar furen auren, wadda gidanmu ya gaji aikin kitsa ta tun kakanni, ina biye da ke. Malamin haikali ya tare ƙofa, ya ce hannun matar da mijinta ya mutu ba ya taɓa furen aure. Shekara arba'in yana karɓa daga hannunki. Kika juyo kika miƙo mini.

Daga nan aka samo dabara. Ke za ki kitsa a ɗakin baya, ni mai miji in kai. Kowa ya sani, har malamin, kowa ya kawar da kai.

A ɗakin nan kika ba ni tarihin haikalin: saniyar da take zuwa ta zubar da nononta a kan wani dutse a daji, da sarkin da ya sa aka tona, dutsen ya yi jini, ashe Shiba ne, sai sarkin ya gina wurin don neman gafara. Kika ce wata tsohuwa mai tsintar itace ce ta fara ɗora wa dutsen fure. Na ajiye littafin soyayyata na ce, "Kaka, tana da miji?"

Kika yi dariya har da tari. "Ke 'yar littafi, kanki ya cika da aure! Allahn da ya karɓa bai tambaya ba, sai ke?"

Ke kika riƙa ɓoye mini littattafaina a kwandon fure idan surukata ta fara faɗa. Ke kika ba ni kofi ranar da na ƙona shinkafar baƙi, kika ce ke ce kika ƙona.

Jiya malamin ya zo gaisuwa, ya ce an yi rashin hannu mai albarka. Na dubi bakinsa, bai ko yi rawa ba.

Shiba ya karɓe ki a gabansa, ya hutar da ke daga sake dawowa duniya. Ina yi wa 'ya'yanki da jikokinki ta'aziyya, da duk mahajjatan da suka shaƙi ƙamshin aikinki ba su san sunanki ba.

Da safe Kathiresan ya kawo furen yasmin kwando biyu. Ya ce, "Tenmoli, ke kaɗai ta koya wa. In ba mu kai bana ba, wani gida za a ba aikin, kuma ba zai dawo ba."

Na ce masa su ba su. Ba zan kitsa ba.