Bawa Mai Maganin Ɓera da Allurar Na'inna

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan hatsi a kasuwar Jimeta ya san muryar Malam Bawa, ko da bai san fuskarsa ba. Muryar tana cikin wata 'yar lasifika ce da yake ratayewa a jikin teburinsa, tana maimaita abu ɗaya tun hantsi har la'asar: "Ɓera ya shiga uku! Kashe shi kafin ya kashe ka!" Shi kuwa mai muryar yana zaune a bayanta shiru, siriri, da ɗan farin gemunsa, kamar ba shi ya yi maganar ba.

A unguwar Limawa aka haife shi. Mahaifinsa maƙeri ne da ya zo daga wajen Kano tun yana saurayi, yana ƙera tarko da fitilar gwangwani. Bawa ya yi boko har aji uku na sakandare, ya yi masinja a wani ofis shekara shida, a can ya tsinci ɗan Turancinsa. Da aka rage ma'aikata sai ya dawo kan tarkon ubansa, daga baya ya ƙara da gam mai kama ɓera da garin guba. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a. Idan ka kawo masa kashin ɓera a takarda, kallo ɗaya zai yi ya ce maka na gida ne, ko na gona, ko kuwa jaɓa ce ta shigo maka. Kayan sana'arsa ba sa kwana a gidansa. Kuma ba ya taɓa kwanon abinci sai ya wanke hannu da sabulu sau uku, har matarsa Na'inna takan ce wata rana zai wanke fatar ta fita.

Ba haka kawai ya zama haka ba. Wata shekara da rani an kira shi wani gida a bakin kogi ya zuba magani. Ya ga masara a shanye a ƙasa, ga sawun ɓera a kanta, ya yi wa maigidan magana, maigidan ya yi dariya ya ba shi ruwa, Bawa ya ƙi sha. Ba a yi wata guda ba ya ji an ce zazzaɓin Lassa ya shiga gidan, ya ɗauke maigidan da 'yarsa, kuma ko gawar ba a ba dangi sun wanke ba. Tun daga ranar ɓera ya daina zama masa ɓarawon hatsi. Mutuwa ce mai ƙafa huɗu.

To, wannan mutumin ne Allah Ya jarraba da ciwon matarsa.

Na'inna kamu take tacewa tana sayar wa masu koko. Ita ta fara jin wani ƙullutu a mamanta na hagu, ta yi shiru wata biyu, sannan ta faɗa. Aka yi gwaji, aka ce sankara ce, aka yi aiki aka cire. Likita ta ce irin tata mai son dawowa ce, don haka akwai wata allura da za a riƙa sa mata ta cikin ƙarin ruwa duk bayan mako uku. Allah Ya rufa asiri, 'yan'uwa suka tsaya, magani ya iso. Aka sa ranar Laraba.

Malam Bawa mutum ne da bai yarda da abin da bai san haɗinsa ba, sana'arsa ta koya masa haka. Ya tsaya a tagar ɗakin magani na asibitin ya tambayi ma'aikacin wurin, wani mai suna Apollos, da me aka yi allurar. Layi ya yi tsawo a bayansa. Apollos ya yago takarda ya rubuta masa kalma biyu, ya ce, "Baba, sunan irinsa ke nan, monokulonal antibodi. Ka sa a waya, akwai malamai da suke bayani dalla-dalla. Na gaba!"

Washegari bayan azahar ya kashe lasifikarsa, ya sa tabarau, ya kwafi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Laccoci suka fito jere, wasu kashi biyar na wani malamin jami'a daga wata ƙasa. Ya danna na farko. Farin allo ya bayyana, hannu ya shigo da alƙalami, ya zana kunnuwa biyu, ya zana dogon bindi.

Malam Bawa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ɓera ne. Ga sirinji an zana a gefensa.

Malamin yana magana da sauri kamar ana korarsa. Sai da Malam Bawa ya yi ta taɓe-taɓe kafin ya gano inda ake rage gudun magana, muryar ta koma ja-ja-ja kamar ta mai jin barci. A haka ya riƙa tsintar kalma ɗaya yana barin uku. Abin da ya fahimta shi ne, ana ɗaukar abin da ake so a yaƙa a yi wa ɓera allurarsa, a sake, a sake, har jikinsa ya ƙera sojojin da suka san abin.

Jibrilla mai buhunan shinkafa da ke kusa da shi ya leƙo ya ce, "Malam, yau shiru? Ko ɓerayen sun ba ka cin hanci ne?"

"Batir ne ya mutu," in ji shi, ya kife wayar a cinya.

Kashi na biyu ya fi muni. An kashe ɓeran, an buɗe ciki, an ciro saifa, don a nan sojojin suke taruwa. Shi da ko da sanda ba ya son juya mushen ɓera sai ya ɗaure hanci. Ya tuna masarar nan ta bakin kogi. Ya tuna yadda Na'inna ta rame bayan aiki, jijiyoyin hannunta sun fito raɗau.

Da ya tsaya a nan ma da sauƙi. Ranar Litinin ya buɗe kashi na uku. Malamin ya ce ƙwayoyin halittar da ke cikin saifar ba sa daɗewa a faranti, mutuwa suke yi. Don haka sai a haɗa su da wata ƙwaya da ba ta mutuwa, su narke su zama ɗaya. Ya zana ta baƙa. Ya rubuta sunanta, ya ja layi a ƙasa, ya faɗi kalmar da Malam Bawa ya sani sarai, don ya ji ta a bakin likita: kansa, wato sankara.

Ya mayar da wurin baya sau bakwai. Bai canja ba. Ƙwayar sankara, wai kuma ba ta mutuwa. "A'uzu billahi," ya ce a fili. Wane ne ba ya mutuwa in ban da Allah? An yanke wa matarsa mama don a fitar da abu, yanzu kuma za a ɗura mata shi ta jijiya, a haɗe da cikin ɓera. Ya kashe wayar. Bai sake buɗe laccar ba.

Da safiyar Laraba Na'inna ta yi wanka ta ɗauko mayafi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalminsa, ya ce an bugo masa daga asibiti, likita ta yi tafiya, sai an neme su. Shekara talatin da huɗu da aurensu bai taɓa yi mata irin wannan ba. Ta ce, "Allah Ya dawo da ita lafiya," ta ninke mayafin.

Kwana goma sha biyu ya yi a cikin wannan ƙarya. Ya zata in ya hana allurar zai samu natsuwa, ashe tsoro biyu ya sayo. Sai ya ga tana tata kamu ta tsaya, ta kai hannu hammatarta ta laluba, ta ci gaba da aiki. In ta yi tari sai ya ɗago kai. A masallaci ya riƙa daɗewa a sujada har sahu ya watse, amma ya rasa abin da zai roƙa, a ba ta ko kada a ba ta.

Ran Litinin ta biyu ya dawo da la'asar ya tarar da ita zaune a tsakar gida, wayarta a hannu. Kusa da ita ga Malama Keturah, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, wadda ke koyar da kimiyya a wata sakandare a unguwar Ajiya.

"Malam," in ji Na'inna, "wani Apollos ya kira ni. Ya ce magani yana firij kusan mako biyu, likita tana ta cigiyata. Wace likitar ce ta yi tafiya?"

Ya zauna a kan turmi. Bai yi musu ba. Ya faɗi komai, tun daga bindin ɓera har baƙar ƙwayar.

Keturah ta tafa hannu. "Baba Bawa! Kai ma fa! Lacca kashi biyar ka kalli uku ka gudu? Ɗalibina ya yi haka sai na zane shi. Kawo wayan."

"Malama, ba wasa ba ne."

"Na san ba wasa ba ne. Shi ya sa za mu gama maganan yau."

Suka haɗa kai uku a kan waya, Keturah tana tsayarwa tana mayarwa da Hausa. A kashi na huɗu aka nuna yadda ake tsince ƙwaya ɗaya tak daga cikin dubbai, wadda take ƙera ainihin sojan da ake so, a bar ta ta yi ta haihuwar irinta. Ta ce ma'anar dogon sunan ke nan, duk daga uwa ɗaya. A na biyar babu ɓera ko ɗaya. Manyan tankunan ƙarfe ne, masu ƙyalli, mutane sanye da fari har ido. Ƙwayoyin suna ciki suna zubar da sojojin a ruwa, sai a tace ruwan, a sake tacewa, a bi da shi ta wasu dogayen bututu, a gwada ko akwai wata cuta.

"Ƙwayan ba ya shiga kwalba," in ji Keturah. "Abin da ya ƙera ne yake shiga. Kuma ɓeran ma ba irin naka na kasuwa ba ne, a ɗakin gwaji aka haife shi, ya fi ni da kai tsabta."

Na'inna ta ce, "Wato dusa a ƙyalle, kamu a roba."

"Yauwa, Adda! Kin fi maigidanki kai," in ji Keturah, don Adda take kiranta, wato yaya da Fillanci.

Amma kunnen Malam Bawa ya kama wani abu. Ya ce a mayar baya. Malamin ya zana sojan kamar reshe mai baki biyu, ya shafe shi duka da launi ɗaya, ya bar ɗan ja a can bakin.

"Wannan jan fa?"

Keturah ta sake duba zanen. Ta ce an canja kusan duka ya koma irin na jikin mutum, ɗan wurin nan ne aka bar shi a kan fasalin na ɓera, don shi ne ya san abokin gaba. Fasali ne kawai, ba nama ba.

"To akwai saura ke nan. Za ki rantse ba zai yi mata komai ba?"

"Ni ba na rantsuwa, Baba, ka sani. Kuma ni ba likita ba ce. Magani kowanne yana da nasa. Abin da na sani, ba Lassa a ciki, ba sankara a ciki."

"Kin ji ko?" ya ce da matarsa. "Ita ma ba ta da tabbas."

Na'inna ta dube shi, irin kallon da bai saba gani ba. "Malam, abin da ke hammatata kai kake ji ko ni? Ka yi kwana goma sha biyu kana tsoro a madadina, ba ka ko tambaye ni ba. Gobe zan je. In za ka raka ni, bismilla. In ba za ka ba, ga Keturah."

Ya raka ta.

Aka kwantar da ita, nas ta nemi jijiya ta sa allura, ta rataye ledar ruwa. Ya matsa ya duba. Ruwa ne fari tas kamar na randa. Ya zauna a kujerar roba yana bin ɗigon da ido, leɓunansa suna motsi.

An kai rabin sa'a sai Na'inna ta ce sanyi take ji. Cikin zafin Jimeta, fanka ma a tsaye. Kafin ya miƙe haƙoranta sun fara haɗuwa, gadon ƙarfen yana kaɗawa. Ya taɓa goshinta ya ji zafi rau. Zazzaɓi. Duk abin da aka fassara masa jiya ya bi iska, gidan bakin kogi kawai yake gani.

"Ku cire! Ku cire mata!" Bai san yana da irin wannan muryar ba. Ya kai hannu zai fizge robar, Na'inna ta damƙe masa wuyan hannu, duk da rawar da take yi.

"Kada... ka taɓa."

Nas ta shigo da gudu ta murɗe ruwan, ta kira likita. Suka auna ta, suka yi mata wata allura, suka lulluɓe ta da bargo. Likita ta ce masa wannan yakan faru a karon farko, jiki ne yake tambayar baƙo, za su jira ya lafa su ci gaba a hankali. Ya ji maganar kamar daga nesa. Ya tsuguna a gefen gadon, hannunsa har yanzu a cikin nata, yana karanto duk abin da ya zo bakinsa.

Rawar ta ragu kaɗan-kaɗan, ta tsaya. Gumi ya keto mata. Nas ta dawo ta ce, "Mama, mu ci gaba?"

Na'inna ba ta dubi nas ba, shi ta duba. Ya kalli ledar, saura fiye da rabi, kuma bayan mako uku akwai wata, bayanta wata.

"Ku buɗe," ya ce. "Amma a hankali, don Allah."

Ɗigon ya dawo, ɗaya, sai can wani. Bai koma kujera ba. Yana tsugune a wurin har ledar ta motse, yana kai hannu goshinta lokaci-lokaci, tana ture shi.