Tasar Wule

A Mayahi, idan mota ta fara shan ruwa ba a ga inda yake bi ba, wurin Gidaɗo ake kai ta. Bafillace ne daga Issawane. Shekarun fari suka cinye garken mahaifinsa, ya shigo gari da sandarsa da saniya guda, ya zauna a garejin wani har hannunsa ya faɗa. Garejinsa na yanzu kuwa gindin bishiyar bedi ne a ƙofar gidansa.

Ba shi da wata na'ura. Yashi yake sharewa ya lailaye shi sumul, a ɗora motar a kai, a bar injin ya yi zafi sannan a kashe. Sai ya durƙusa yana karanta ɗigon ruwan a kan yashin kamar yadda yake bin sawun sa a daji. Ɗigo a gaba, radiyata ce. A tsakiya, famfon ruwa. Idan yashin ya bushe ƙayau alhali ruwa na raguwa, ya zaro sandar auna mai ya duba, in ya ga man ya yi fari kamar an dama da nono, ya ce wa mai mota ya yi haƙuri, aikin babba ne. Direbobin Hawandawaki suna tsokanarsa wai bokan mota, shi kuma bai taɓa musu ba.

Mai ɓata masa aiki ɗaya ce, Wule, maraƙar da saniyar nan ta bari kafin ta mutu. Ita kaɗai ta rage daga jinin garken mahaifinsa. Da ya lailaye yashi sai ta zo ta tattake, ya bi ta da faɗa, matarsa Aminatu tana dariya, don ta san ko tsinke ba zai iya ɗora mata ba.

Wata Laraba da hantsi Lamine, wani ma'aikaci da ke zirga-zirga tsakanin Tessaoua da Maraɗi, ya kawo farar motarsa. Gidaɗo ya yi yadda ya saba. Ɗigon ya fito kore shar. Motocin da yake gyarawa duk ruwan rijiya ake ɗura musu, bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya dangwala da yatsa ya taɓa a harshe, ya tofar.

"Malam Lamine, motarka har sukari take sha?"

"Ruwan kanti ne, Baba Gidaɗo, na sanyaya inji. Don Allah kar shi zube, a nan ba a samu nai."

Lamine ya tafi kasuwa. Gidaɗo ya bi ɗigon da yatsa har ƙarƙashin radiyata, ya tarar da tiyon roba ya tsage daidai bakin ɗauri, tsagar da ba ta buɗewa sai injin ya yi zafi. Dole a juye ruwan kafin a cire shi. Ya waiga, abin da ke kusa shi ne tasar da Wule ke shan ruwa. Ya tara ta ta cika, ya tura ta inuwa, aka kira azahar ya tafi masallaci.

Da ya dawo tasar ta kusa komawa wayam. Wule na tsaye tana lasar baki, leɓenta kore. Haushi ya kama shi, amma tunaninsa duk yana kan abin da zai gaya wa mai mota.

Lamine ya iso bayan la'asar, ya tarar maraƙar tana tangaɗi, ƙafafunta na harɗewa. Ya dubi tasar, ledar da ke hannunsa ta faɗi.

"Baba, ita ta sha? Duka?"

"Ka yi mani aikin gafara, ni biya ka."

"Wa ke zancen biya? Wanga ruwa guba ne. Zaƙin nan shi ka jawo dabba."

Gidaɗo ya tsaya kamar an dasa shi. Mutumin da ya san kowace ciyawa mai kashe sa daga nan har Issawane, shi ne ya zuba guba da hannunsa a tasar Wule ya kai mata inuwa. Kuma ya ɗanɗana, ya ji zaƙin, har ya yi raha da shi. Kunya da tsoro suka rufe shi.

Lamine ya hau babur ya ɗauko likitan dabbobi. Likitan ya yi wa Wule allura, ya ɗura mata abin da ya ɗura, sannan ya ce an makara. Washegari da ta kwanta ta kasa tashi, Aminatu ta fito da wuƙa tana hawaye, don kada ta mutu mushe. Likitan ya hana, ya ce naman ma kada kowa ya kusance shi. Gidaɗo ya zauna da kanta a cinyarsa har ta daina numfashi, ya haƙa rami mai zurfi a bayan gari ya rufe ta tare da tasar.

Tiyon dai ya sauya shi, motar Lamine ba ta ƙara ɗiga ba. Har yau ana kawo masa motoci, kuma kafin ya taɓa kowace sai ya tambayi wane ruwa ke cikinta. Yana lailaye yashinsa da safe, ya wuni sumul babu mai takawa. Aminatu ta ce wani lokacin yakan daɗe a durƙushe yana kallonsa, tun ba a ɗora motar ba.