Rikoda Ba Ta Ganin Hannu

Yayata nas ce, kuma hannunta ya fi bakinta magana. Majiyyaci na kuka, ba za ta ce uffan ba. Ta riƙe masa hannu, ta gyara masa matashin kai, sai ka ga ya yi lamo.

Mijinta ya sami aiki a wata ƙasa, ya tafi da yaran saboda makaranta. Wani asibiti a can ya yarda zai ɗauke ta, amma sai ta ci jarrabawar magana da Turanci ta ma'aikatan lafiya. In ba ta ci ba, ita da 'ya'yanta sai dai a waya.

Jarrabawar kamar wasan kwaikwayo take. A ba ka kati mai bayanin majiyyaci, ka ɗan nazarta, wani ya zauna gabanka a matsayin mara lafiyar. Ana ɗaukar muryoyinku, wani can daban ya saurara ya ba da maki.

Matar da aka haɗa ta da ita ta fito a mai tsoron tiyata, har muryarta na rawa. Yaya ta manta inda take! Ta kama hannun baiwar Allah, ta yi shiru tana kallonta. Ta dawo gida tana cewa ai ta kwantar mata da hankali. Sakamako ya fito, ta faɗi warwas.

Na ce, "Haba Yaya, rikoda tana ganin hannu ne?" Ta jefe ni da silifa, sannan ta fashe da kuka. Wallahi ta ba ni tausayi.

Washegari na rataya labule a tsakar ɗaki, na kwanta a bayansa.

"Wayyo cikina, nas!"

In ta yi shiru sai in ce, "Shi ke nan, na mutu." Tun tana zagina har ta koma tambaya da Turanci: me ya fi ba ki tsoro? Kin gane, ko in sake bayani?

Zama na biyu ta ci.

Ranar ta kira yaran. Autarta ta ce, "Mama, yaushe za ki zo?" Yaya ta share ido, ta gyara zama.

"Ina nan tafe, uwata. Na yi kewarki ƙwarai. Faɗa min komai, ina jin ki."