Muryar Inna a Rumbun Wasu

Yayana wayoyi yake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, kuma tun da ya shiga sana'ar ban taɓa ganin waya ta shekara a hannunsa ba. Yau wannan kamfani ya fito da mai idon kyamara uku, gobe wancan ya fito da mai ido huɗu, jibi na farkon ya karya farashi don ya kunyata na biyun, shi kuma Yaya yana tsakiya yana yi musu tafi kamar da shi za a raba riba. In ka zauna a shagonsa sai kunnenka ya gaji. Wannan ta fi fito da fuskar baƙin mutum a hoto, waccan batirinta ya fi jure ɗaukewar wuta. Wadda ya rantse a kanta jiya, yau sai ka ji ya ce tsohon yayi ce.

Cikin waɗanda yayinsu ya wuce ya zaɓi ɗaya ya ba Inna, mahaifiyarmu, bayan ya ɗauko ta daga Kolofata lokacin da zama ya gagara a can. Ni ina Ngawundere ina koyarwa. Ya nuna mata inda za ta danna ta aiko mini da saƙon murya, sau ɗaya, a tsaye, yana amsa wani kira. Inna ba ta yi boko ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne akwai jan ɗigo, in an danna sai a yi magana.

Daga nan duk lokacin da na kira sai ta yi mini ƙorafi. "Ke dai kin zama babbar malama. Ina ta yi miki magana ba kya amsawa." Ni kuwa ban ga saƙo ko ɗaya ba. Sai da na zo hutu na karɓi wayar na duba, na gane ashe wurin naɗar murya take dannawa. Maganganunta duk suna nan jibge a cikin wayar, babu wanda ya taɓa fita daga ɗakinta.

Mun yi dariya har da hawaye. Na saurari kaɗan a ranar. Ga yadda ake miyar yakuwa ba ta yi tsami da yawa ba. Ga iyakar gonar Baba, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya. Ga maƙwabtanmu na Kolofata ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya bi hanyar Marwa, wa har yanzu ba a ji ɗuriyarsa ba. Ga faɗan da take yi mini kan rashin zuwa gida. Akwai kuma waƙar da take yi mana muna yara in tana niƙa, ta rera ta har ƙarshe, tana tari a tsakiya. Da na nuna mata kuskurenta, sai ta ce, "To bar ni da abata. Ita ba ta katse ni, ba kamar ku ba." Ta ci gaba da yi, yanzu da saninta.

Na ce wa Yaya ya kwafe mini su a kati. Ya kalle ni kamar na ce ya saya mini fitilar aci-balbal.

"Kati? Wa yake amfani da kati yanzu? Na buɗe mata kont, akawun na intanet, komai yana hawa sama da kansa. Kamfanonin nan suna da rumbuna a ƙasashen waje, gidaje ne cike da injuna, sanyi kamar firji, ba a ɗauke musu wuta. Bankuna ma can suke ajiya. Ke kin fi banki ne?"

Na ce, "Yaya, kayan aro ba ya rufe katara."

Ya ce, "Ga boko, ga ƙauyanci."

Inna ta rasu da damina. Bayan sadakar bakwai dole na koma makaranta, kuma kafin in hau mota na riƙe hannun Yaya na ce, "Wayar Inna. Don Allah a ajiye mini ita." Ya ce an gama.

A gidanmu ba a barin kayan mamaci su daɗe a ɗaki. Magada su yafe, a raba wa mabuƙata, ladan ya isa kabari. Goggonmu, ƙanwar Baba, ita ta tsaya a kan rabon. Zannuwa suka tafi, tukwane suka tafi. Da aka zo kan wayar, Goggo ta ce a ba maƙwabciyar da ta yi jinyar Inna, ai ta cancanta. Yaya bai iya yi wa Goggo musu ba. Amma ya ga ba mutunci ba ne a miƙa wa bare waya da muryar mahaifiyarsa da hotunanta babu mayafi, a je yara su riƙa kunnawa a tsakar gidan wasu. Sai ya yi abin da yake yi wa kowace waya kafin ta canja hannu. Ya cire layin, ya goge ta tas.

Sai da na dawo sadakar arba'in na ji abin da Yaya ya yi. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa wanda ya girme ni ba. Goggo ta ce in ji tsoron Allah, ana addu'a ina rigima kan ƙarfe. Yaya kuwa ko a jikinsa. "Kwantar da hankalinki. Kwanon kawai na wanke, tuwon yana rumbu. In an natsu zan sauko miki da su."

Ba a natsu ba. Wata sabuwar waya ta shigo kasuwa, ana layi a shagonsa. Bayanta azumi ya zo, bayansa cinikin Salla. Duk kiran da na yi, amsar ɗaya ce, gobe. Ranar da na zo da kaina na zauna masa a shago na ƙi tashi, sai ga gaskiya ta fito. Kalmar sirrin da ya sa wa kont ɗin, irin wadda yake ƙirƙira wa masu saye ce a tsaye, bai san me ya rubuta ba. Ya ce ba komai, kamfanin zai turo lambobin buɗewa ta layin Inna. Ya zazzage durowa ya samo layin cikin tarkacen caja. Muka sa a waya. Shiru.

A ofishin kamfanin layin, wata yarinya mai fara'a ta gaya mini da Faransanci cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba karɓewa ake yi, kuma wannan an riga an ba wani. Ta ce in yi haƙuri da rashin da na yi. Ta kira na bayana.

A bakin ofishin na danna lambar Inna. Ta shiga. Namiji ne ya ɗauka, ya yi sallama da Fillanci, ana jin kukan shanu a bayansa. Da na yi Hausa shi ma ya juya Hausa, ya ce yana Mayo-Oulo. Na gaya masa komai, mutuwar, muryar, rumbun. Na ce, "Baba, za a turo maka wasu lambobi yanzu. Karanta mini kawai za ka yi."

Ya yi 'yar dariya. "'Yata, wannan labarin na sha jinsa. Wancan ya ce matarsa ce ke naƙuda, ke kuma uwa ce ta mutu. Har a masallaci an gaya mana, duk wanda ya ce ka karanto masa lamba ɓarawo ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ki nemi sana'a." Ya kashe. Na sake kira, Yaya ya kira da tasa, har limamin unguwarmu na sa ya kira. Duk ya toshe mu.

Ban ga laifinsa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shi ya bi gargaɗi, Goggo ta nemi lada, Yaya ya kare mutuncin uwarsa, kamfani ya bi dokarsa. Kowa ya yi daidai, ni ce dai na tashi a tutar babu. Muryar tsohuwar da ba ta taɓa ganin teku ba tana can ƙetaren teku a ɗaki mai sanyi, in ma ba su share ba, kuma ba ni da ikon ji. Har yau ina jin haushi, kuma ban yi niyyar dainawa ba.

Da babbar Salla Yaya ya zo Ngawundere da kwali a hannu. Sabuwar waya ce, ta kamfanin da yake yabo a wannan watan. Bai iya kallon idona ba. "Wannan cikinta babba ne," in ji shi. "Ba ta cika. Duk abin da kike so za ta ɗauka."

Bayan ya tafi, 'yata, wadda ba ta yi wayo ba lokacin rasuwar, ta ɗauki wayar tana latse-latse har ta gano jan ɗigon. Ta ce, "Mama, yi mini waƙar Kaka, wadda kika ce tana yi in tana niƙa." Ta danna, ta kawo bakina.

Na rera layin farko. Na buɗe baki don na biyu, na laluba, na sake rera na farkon ko zai jawo shi. Bai zo ba. Yarinyar tana riƙe da wayar tana jira, lambobin lokaci suna ta tafiya, tana naɗar shiruna.