Hoton Mahaifina Da Bai Fito Ba

A wancan lokacin ni saurayi ne mai ji da kansa, ƙaramin akawu a wani kamfanin auduga a Garwa, kyamara kullum a wuya sai ka ce laya. Na mai da ɗakin ajiyar hatsi na gidanmu ɗakin duhu, na toshe taga da bargo, a nan nake wanke hotuna baƙi da fari. Unguwa ta san ni, kai ya kumbura, ina ganin babu mai koya mini komai.

Mahaifinmu mai sayar da yadi ne, kuma ba ya son hoto ko kaɗan. In ban da na katin shaidarsa, wanda gumi ya riga ya cinye, ba shi da ko ɗaya. Sai ga saƙo ta hannun alhazai daga goggonmu, yayarsa, wadda ta zauna a Makka tun ba a haife ni ba. Ta ce ta tsufa, ba ta roƙon komai sai ta ga fuskar ƙanenta kafin ta cika.  Ranar Juma'a bayan an sauko, mahaifinmu ya kira ni, ya ce in ɗauko abin nawa, sau ɗaya ne ba ƙari. Ya zauna gindin darbejiya cikin farar babbar riga, har da murmushi, yana tsokanata wai kada in ƙara masa hanci.

Shekarun nan ne da aka zaftare albashi. Maganin wanke fim daga Duwala yake zuwa, a jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, sannan a babbar mota, ya yi tsada kamar me. Don haka nake lallaɓa ragowar da na haɗa watanni baya, rabin kwalba, a zafin Garwa. Da na tsiyayo shi na ga ya yi ja kamar shayi. Na san ƙa'ida sarai: a yanki ɗan bakin fim a tsoma a gani, in bai yi baƙi ba maganin ya mutu. Aikin minti biyu ne. Amma makon da ya wuce ya yi mini aiki, sai na ce wa raina ai gwani ba ya gwaji. Na zuba, na juye, na bi da magani na biyu mai tsayar da hoto. Da na warware fim ɗin, fari fat, kamar gilashi. Ko inuwar hularsa babu. Na zauna kan buhun gero ina gumi.

Har nan ma da sauran gyara, tunda mai fuskar yana raye, ɗakinsa taku goma ne daga nawa. Da na durƙusa na faɗi gaskiya, iyaka ya yi faɗa ya sake zama. Girman kai ya hana ni. Ya tambaya, na ce takardar bugawa ce ta ƙare. Ya sake tambaya, na ce tana hanya. Karo na uku ya dube ni ya ce ba komai, ya san aikina mai kyau ne, in bi a hankali. Wallahi wannan maganar ta fi mari ciwo. Ina ta jiran sabon magani ya iso, ina shirya dabarar da zan sake zaunar da shi ba tare da na ji kunya ba. Wata Lahadi ya dawo daga kasuwar Pitowa da zazzaɓi, ranar Laraba muka kai shi makwancinsa.

Bayan wata biyu gaisuwar goggo ta iso. A ƙarshen wasiƙar ta ce ta ji ya amince an ɗauke shi, don Allah a aiko mata, shi ne abin da ya rage mata. Sai a lokacin na faɗi gaskiya, a gaban mahaifiyata da ƙannena. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zage ni.

Na daɗe ina ɗora laifi a kan kwalbar nan, amma na gane ita hoto ɗaya ta ɓata, sauran ni na ɓata da bakina. Masu wannan sana'a, ku gwada magani kafin ku ba shi amanar fuskar mutum. Sauran jama'a kuma, in kun yi kuskure ku faɗa tun wanda za ku faɗa wa yana ji. Fim ɗin yana nan cikin akwatina. Duk sa'ad da 'ya'yana suka tambaye ni kamannin kakansu, baki kawai nake da shi.